Ranar da Na Bar Tukunya Na Bi Orka Cikin Teku

Faisal, Hanan, da ku ƙananan da kuke jin Hausa amma sai ku mayar da Larabci, zan gaya muku abin da ya raba ni da sana'ar girki, tunda kowa a dangi yana da nasa labarin. Wasu sun ce ni da Yaya Rakiya faɗa muka yi a kan kicin ɗinmu na unguwar Bani Malik a nan Jidda. Wasu sun ce ciwon ƙafa ne ya hana ni tsayuwa gaban wuta. Ƙafata lafiyarta lau, har yau ina hawa jirgi ba wanda ya riƙe ni. Wata dabba ce ta cikin teku ta raba ni da tukunya, baƙa mai farin ciki da farin tabo a bayan ido, wadda na haura shekara hamsin a bakin Bahar Maliya ban san Allah ya halicce ta ba.

A gidanmu teku abin kallo ne daga nesa. Kakarmu da ƙafa ta taho daga ƙasar Hausa ta ratsa Sudan, kuma tsallakowar da ta yi a jirgin katako ita ce ta farko ita ce ta ƙarshe. Ta yi rantsuwa ba ta ƙara taka ruwan da ba ta ganin ƙasansa, mu ma muka tashi a kan haka. Mu je Kurnish, wurin shan iska na bakin teku, ranar Juma'a, mu shimfiɗa tabarma, mu sha shayi, mu koma gida. Abin mamaki kuma da kifi muke cin abinci. Ni da Yaya Rakiya, wadda nake bi a haihuwa, sayadiyya muke dafa wa gidajen biki da na rasuwa, shinkafar nan mai ruwan ƙasa da ake yi da soyayyar albasa da romon kifi. Yaya ce mai wuta, ba wanda ya kai ta sanin lokacin da albasa za ta yi duhu ba tare da ta yi ɗaci ba. Ni kuwa 'yar kasuwa ce. Kullum bayan asuba babanku yakan sauke ni a Bangala, kasuwar kifi, kafin ya fara ɗaukar fasinja, in shiga cikin masunta in zaɓi kifin najil da na harid. Yamalawa, 'yan Bangladash, 'yan Sudan, mutanenmu na Nijar da Cadi, duk Ummu Faisal suke ce mini, kuma na san matan wasunsu da sunayen 'ya'yansu.

A cikinsu akwai Malam Idrisa, mutumin Cadi, dogo mai yawan dariya, yana aiki a jirgin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Wata safiya na tarar an yi cincirindo a kansa ana ta musu. Wani na cewa ƙirshi ne, babban kifin nan mai cin mutum, wani na cewa jirgin ƙarƙashin ruwa ne, wani tsoho kuma yana ta a'uziyya. Da Idrisa ya hango ni sai ya ɗaga wayarsa sama.

"Ummu Faisal, zo ki raba mu. Wallahi shekarata nawa a ruwan nan, ban taɓa ganin irinsa ba. Tsayin abin da ke bayansa ya kai ƙofar ɗaki!"

Hoton yana rawa, ruwa yana fantsama a kai, ana jin ihun su Idrisa. Sai wani baƙin fiffike ya fito a miƙe kamar an kafa allo a cikin teku, ya nutse, wasu ƙanana suka biyo bayansa. Na ce ya turo mini. Daga nan inda nake tsaye, hannuna duk ƙarnin kifi, na tura wa Sumayya, autar Yaya Rakiya, wadda ke karatun ilimin teku a jami'a, karatun da uwarta ke kira karatun wanka. Ban kai ga biyan kuɗin kifina ba wayata ta yi ƙara.

"Khala! Khala, fen hada? A ina? Wa ya ɗauka? Kar ki bar shi ya tafi, dahhin, yanzu-yanzu ina zuwa!"

Ban taɓa jin Sumayya ta haɗa Hausa mai tsawon wannan ba sai ranar. Ta iso da abayarta a karkace, ta kalli hoton ya fi sau goma. Ta ce sunanta orka, Larabawa kuma suna ce mata hut mai kisa, amma a cikin teku ba a san ta da farautar mutum ba. Ta ce ba kifi ba ce, numfashi take yi kamar mu, tana haihuwa tana shayarwa, kuma babbar yayar abu salama ce, waɗannan masu tsalle a gaban jirgi da kowa ya sani. A ƙasashen sanyi an san su gida-gida, har suna ake sa musu. A Bahar Maliya kuwa sai a daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba, ba wanda ya san ko su nawa ne, me suke ci, daga ina suke shigowa. Sai ta juya ga masunta ta fara jero tambayoyi da Larabcin makaranta, a wane wuri, da wane lokaci, wane jirgi. Nan take kowa ya tuna yana da aiki. Kafin ka ce me, daga ni sai ita sai Idrisa, shi ma yana kallon ƙasa.

Na ja ta gefe na ce, "Ke Sumayya, mutumin da iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasa, ke hannun wani, kika tambaye shi inda jirginsa ya je, me kike so ya yi? Bar mini su."

Haka aikin ya faɗo hannuna ba tare da na nema ba. Ina zaɓen kifi ina hira, in tambayi lafiyar maijego, in tambayi ciwon bayan wane, can a tsakiya in ce, af, baƙaƙen nan fa, an ƙara ganinsu? Wanda ba ya son a san shi ne ya faɗa, sai ya turo mini murya a waya. Da yamma Sumayya ta zo kicin ta zauna a kan buhun shinkafa, ina yanka albasa tana ba ni labari, ni kuwa kamar yarinyar da ake yi wa tatsuniya. Ta ce kowane gida na orka tsohuwa ce ke jan sa, kakar da ta daina haihuwa tuntuni, ita ta san inda abinci yake in shekara ta yi tsanani. 'Ya'yanta maza, ƙattin nan masu dogon fiffike, a wasu gidajen ba sa barin gefenta har ta mutu. Kowane gida da irin kukansa, 'ya'ya a bakin uwa suke koya. Abinci ma kowa da nasa, wasu kifi kawai, wasu naman manyan dabbobin ruwa, kuma na wannan gidan ba ya cin na wancan ko yunwa na damunsa. Sai kuma ta sauke murya ta gaya mini abin da ke cin su. Dattin masana'antu da ke gangarawa teku yana taruwa a kitsensu, uwa ta ba ɗanta a nono, ɗan fari ya fi kowa kwasa. Ƙarar manyan jirage tana toshe musu kunne, su kuwa da ji suke farauta, da ji suke kiran juna. Kifin da suke ci ana kwashe shi. Tsofaffin ragogin da masunta ke yankewa su bari a ruwa suna nan suna yawo suna kama duk abin da ya gifta.

Yaya Rakiya tana juya albasa ta ce, "To Binta, an gama karatun? In an gama, ga kifi nan yana jiran gishiri."

Sau biyu na tayar da hankalin Sumayya da malamarta a banza. Na farko abu salama ne, na biyu kuwa wata baƙar ganga ce ke yawo a ruwa. Malamar, wadda muke ce wa Daktora, ba ta yi fushi ba, dariya ta yi ta ce in ci gaba. Zumuɗina bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Har babanku ya fara tsokanata, in ya ga na kasa kunne ga waya sai ya ce, "Surukan naki sun iso ne?"

Sai ranar bikin ta zo. Dangin mijin babbar 'yar Yaya ne ke aurar da ɗansu, mutane masu ji da kansu, kuma Yaya ta ɗauki girkin a matsayin abin da za ta fita kunya da shi. Mun kwana biyu muna shiri. Da safe na dawo daga Bangala da kifi, mun ɗora manyan tukwane, albasa ta fara ƙamshi, sai ga muryar Idrisa a waya, iska na kaɗa maganarsa.

"Ummu Faisal, ga su nan! Wallahi ga su nan a gabana, arewa da Abhur, bayan duwatsun murjani. Suna tafiya a hankali, akwai ɗan ƙarami a cikinsu. In za ku zo ku zo yanzu!"

Na kira Sumayya. Ta ce Daktora na da jirgi da izini a Abhur, yanzu za su tashi. Sai ta ce, "Khala, Ammu Idrisa ba zai ɗauki wayar kowa ba sai taki. Kuma wallahi haram a ce ba ki gan su ba. Ta'ali, ki zo."

Na tsaya da ludayi a hannu. Yaya ta ji komai, don wayar a buɗe take. Ba ta juyo ba.

"Binta, kin ga tukwanen nan?"

"Na gani, Yaya."

"Kin san ko su wa za su ci?"

"Na sani. Hanan za ta zo ta kama miki, zan kira maƙwabta. Yaya, wataƙila ba za su ƙara dawowa ba har in mutu."

"In kin fita ƙofar nan, ki san kin bar ni a ranar da na fi buƙatarki."

Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce a lokacin. Na ajiye ludayin, na wanke hannu, na ɗauki abayata. Babanku yana waje bai tafi ba. Da na gaya masa, sai ya buɗe mini ƙofar mota ya ce, "Yalla, shiga. Rakiya za ta kashe mu duka, amma shiga." Tsawon hanyar Abhur yana tuƙi yana dariya, ni kuwa rabi tsoron Yaya, rabi murna.

Aka sa mini rigar da ke hana nutsewa a kan abaya, na zama kamar buhun gawayi. Da jirgin ya bar gaɓa na riƙe ƙarfe da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Ruwan ya tashi daga kore ya koma shuɗi mai duhu, gine-ginen Jidda suka yi ƙanana a bayanmu. Ina riƙe da waya a kunne, Idrisa na cewa ku yi dama, ku miƙe, ina maimaita wa direba da Larabci. Can muka hango jirginsa, ya kashe inji, yana ɗaga mana hula. Daktora ta ce mu ma a kashe namu. Shiru ya sauka, ba ka jin komai sai ruwa na dukan cikin jirgi.

Numfashinsu na fara ji kafin in gan su. Wani irin huci mai ƙarfi, fuuu, kamar an buɗe babbar tukunya. Na juya, sai ga fiffiken nan ya keto ruwa, baƙi wuluk yana sheƙi, ya fi ni tsayi, ruwa na zuba daga jikinsa. Na saki ƙarfen da nake riƙe da shi ban sani ba. Na yi kabbara da ƙarfi har Daktora ta sa yatsa a baki, ita ma tana dariya hawaye na zubo mata. Ba su da yawa, ba su wuce a ƙirga da hannu ɗaya ba. A gaba akwai wata mai gajeren fiffike da ya ɗan tsage a gefe, Sumayya ta raɗa mini cewa wataƙila ita ce tsohuwar. In ta juya duk su juya, in ta nutse duk su nutse. Sai ta rabu da su ta nufo mu. Ta bi ta ƙarƙashin jirginmu a hankali, ta kwanta a gefe ɗaya, na ga farin cikinta kamar sabon alawayyo, na ga idonta. Kallona ta yi. Ku ce abin da za ku ce, tsohuwar nan ta kalle ni, ni ma na kalle ta, har na ji bakina ya ce mata, "Sannu da zuwa."

Sumayya ta zura wata na'ura cikin ruwa ta sa mini abin ji a kunne. Jama'a! Ashe ƙarƙashin shirun nan hira ake yi. Fito, ƙyas-ƙyas, wani kuka mai tashi ya sauka, wannan ta kira wancan ya amsa, kamar gidan suna. Ina cikin jin daɗi sai wani gurnani ya taso daga nesa, yana ƙaruwa, har ya rufe muryoyin gaba ɗaya. Na ɗaga kai na duba. Wani jirgin dakon kaya ne can ƙarshen gani, da ƙyar ake hango shi. Mu a sama ba mu ji komai ba, su a ƙasa ya cika musu duniya.

A lokacin ne ƙaramin ya fito kusa da uwarsa. Farin jikinsa bai gama washewa ba, yana da ɗan ja-ja kamar na jariri. Ya yi tsalle ya faɗa, muka yi ta shewa. Da ya ɗaga jela sai Idrisa ya yi salati daga jirginsa. Wani guntun koren raga ne ya naɗe masa gindin jela, igiyar na jan ruwa a bayansa.

Na ce, "Daktora, a matsa mana! Ga wuƙa a jirgin Idrisa, a yanke masa!"

Ta girgiza kai. Ta ce in muka matsa uwar za ta shiga tsakani, ko su firgita su nutse da shi, kuma ba mu da kayan wannan aikin. Ta buga waya ta sanar da waɗanda ya kamata, ta ɗauki hotuna. Muka bi su daga nesa har rana ta karkata, suka juya kudu, suka ƙara sauri, fiffiken babban ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Ban san abin da ya sami ɗan nan ba. Har yau ban sani ba. Idrisa ya matso da jirginsa, fuskarsa ba dariya, ya ce, "Irin ragarmu ce, Ummu Faisal. Kowa a Bangala irinta yake amfani da ita. In ta maƙale a dutse yanke ta muke yi mu tafi."

Na dawo gida fuskata ta ƙone da rana, bakina ya kasa rufuwa. Babanku ya sha labari har ya gaji. A Bani Malik kuwa an yi abin da aka yi. Abinci ya isa gidan biki a makare, tukunya ɗaya ta kama, uwar ango ta faɗi magana a gaban mutane wadda Yaya ba ta manta ba. Da na je washegari na tarar ta ɗaure wuƙaƙena da ludayina a cikin zane ta ajiye a bakin ƙofa. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Je ki wurin danginki na ruwa. Ni na ɗauki ma'aikaciya."

Shekara guda cur Yaya ba ta yi mini magana ba in ban da sallama. Azumi ya zo, karo na farko tun muna yara muka sha ruwa a gidaje daban. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna muku. Amma safiya ba ta daina yi ba, kuma ƙafata ta saba da Bangala. Na ci gaba da zuwa, yanzu ba don kifi ba. Na nuna wa masunta hoton jelar ɗan nan ɗaya bayan ɗaya. Ban yi wa kowa wa'azi ba, nuna musu kawai nake yi in yi shiru. Idrisa ne ya fara dawowa da tsohuwar raga a jirginsa maimakon ya bar ta a ruwa, ya jibge ta a gabana ya ce, "To ga ta, sai ki san yadda za ki yi da ita." Daktora ta samo masu zuwa su kwashe. Wasu masuntan suka bi, wasu suka ce ba su da wurin ɗaukar shara a jirgi, kuma har yau ba su canza ba. Hotuna kuwa suka yi ta shigowa wayata, na abu salama, na kunkuru, na abubuwan da ni ma sai na tambaya. Orka sau ɗaya aka ƙara turo mini, daga can kudu, daga nesa ƙwarai, ba a iya gane ko su ne.

Ranar da Sumayya ta gama karatunta aka yi walima a gidan Yaya, dole na je. Aka haska hotunan ranar nan a bango don baƙi su gani. Ina zaune a baya ina satar kallon Yaya. Da tsohuwar ta bi ta ƙarƙashin jirgi, aka ji muryata ina ce mata sannu da zuwa, ɗakin ya fashe da dariya. Yaya ba ta yi dariya ba. Da baƙi suka watse ina naɗe tabarma, ta tsaya a kaina.

"Wannan ta gaban, ita ce babbarsu?"

"Ita ce, Yaya."

"Kuma duk inda ta yi nan suke yi?"

"Haka aka ce."

"To su sun fi ki tarbiyya." Sai ta ƙara da cewa, "Jirgin nan, ana barin tsofaffi su hau?"

Bayan sati biyu muka fita da ita. Ta sa rigar hana nutsewa tana mita, ta riƙe hannuna har yatsuna suka mutu. Tun kafin mu wuce duwatsun murjani ta fara amai, ta yi ta yi har la'asar. Ba mu ga orka ba, ba mu ga abu salama ba, ko kunkuru bai leƙo ba. Ruwa ne kawai da rana. Na ce a raina halas, shi ke nan, yau kam Yaya ta gama da ni har abada. Da muka iso gaɓa ni da Sumayya muka kama ta muka fito da ita, ta zauna a kan dakali tana haki, mayafinta ya jiƙe, fuskarta ta yi fari. Ta sha ruwa, ta kurkure baki, ta daɗe tana kallon tekun. Sannan ta juyo gare ni.

"Binta, ranar da mutumin nan na Cadi ya sake bugo miki waya, ko me ke kan wuta, ki biyo ta gidana."